Japan: zaɓen waƙar da ba ta fi ƙarfin maƙogwaro ba

A farkon watan Afrilu na kowace shekara ne kamfanonin ƙasar Japan suke ɗaukar sababbin ma'aikata, galibinsu matasan da suka gama karatu a watan Maris. Ba a jimawa sai a shirya masu liyafar maraba. In an ci an sha, sau da yawa ba a watsewa, sai manya su ce a zarce zama na biyu, wanda suke kira nijikai, kuma akasari a ɗakin karaoke ake yin sa. A nan ne ake miƙa wa sabon yaro mikoro a gaban shugabansa da waɗanda suka riga shi kama aiki. Duk ma'aikacin da aka taɓa tayarwa ya yi magana gaban manyansa ba shiri, ya san yadda gaban yaron nan yake faɗuwa.

Kalmar karaoke haɗin kalmomi biyu ce, ma'anarta kiɗan da babu muryar mawaƙi a cikinsa. Na'ura tana kaɗawa, baitoci suna wucewa a allon talabijin, mutum yana rerawa. Wani makaɗi mai suna Inoue Daisuke ne ya fara bai wa mashayun birnin Kobe hayar irin wannan na'ura a 1971, ko da yake Negishi Shigeichi ya ƙera tasa a Tokyo tun 1967. Inoue bai yi rajistar ƙirarsa ba, don haka wasu ne suka ci ribarta, darasin da ƴan kasuwa ba su bukatar a fassara masu. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka koma ƙananan ɗakuna da ake haya da awa. Manyan na'urori biyu da suka mamaye waɗannan ɗakuna, DAM da JOYSOUND, har maki suke bayarwa bisa 100, suna nuna inda murya ta kauce.

Tarkon da samari suka fi faɗawa shi ne waƙar yayi. Yaro ya ji waƙa kullum a wayarsa, ya haddace ta, sai ya zaci zai iya. Alhali kuwa yawancin waƙoƙin maza da suka yi tashe a ƴan shekarun nan, da siririyar murya mai hawa sama ƙwarai ake rera su. Misali «Pretender» ta ƙungiyar Official Hige Dandism da «Hakujitsu» ta King Gnu, dukansu na 2019. Iguchi Satoru, wanda yake ɗaukar wuraren da suka fi tsawo a ta biyun, sai da ya karanci sarrafa murya a jami'ar fasaha ta Tokyo. Ina akawun kamfani zai kamo shi bayan cin tuwon dare? Haka ma «Lemon» ta Yonezu Kenshi, ta 2018, wadda ta daɗe a sahun gaba na waƙoƙin karaoke: kowa ya san ta, amma muryar tana tsalle daga ƙasa zuwa sama ba sallama. Farkon baiti yakan tafi lafiya lau. Sai an zo amshi wuya ya shaƙe, jijiyoyi su tashi, ɗaki ya yi tsit.

Waƙa mai sauƙi tana da alamunta. Tazarar da ke tsakanin ƙasanta da samanta ba ta da faɗi, tafiyarta a hankali take, tana barin wurin shan numfashi, kalmominta ba su cunkushe ba. Amma akwai wata alama da ta fi waɗannan duka, wadda ba ta shafi murya ba: ya zama shugaba mai shekara 55 ya san waƙar kamar yadda yaro mai shekara 22 ya san ta. In ɗaki ya ɗauki amshi, muryar mai mikoro ta ɓuya cikin ta jama'a, asirinsa ya rufu.

Shi ya sa ake yawan bai wa samari shawarar waƙoƙin Fukuyama Masaharu, ɗan Nagasaki mai kakkaurar murya. Waƙarsa «Sakurazaka» ta 2000, wadda aka sayar da faifanta fiye da miliyan 2, tana tafiya ne kusa da inda namiji yake magana, ba ta tilasta masa ihu. Sai kuma «Sekai ni Hitotsu Dake no Hana» ta ƙungiyar SMAP, wadda faifanta ya fito a 2003, ya wuce miliyan 3 a 2016, shekarar da ƙungiyar ta watse. Mutum biyar ne suke karɓa-karɓa a cikinta, saboda haka ba abin mamaki ba ne mai rerawa ya miƙa wa na kusa da shi mikoro na biyu. Wanda yake son ya faranta wa dattawa kuwa, ga waƙar Sakamoto Kyu ta 1961, wadda duniya ta sani da sunan «Sukiyaki», ta kuma hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1963. Gajera ce, amma tana da ɗan hawa a tsakiya, kada a raina ta.

Abin mamaki, maganin matsalar yana jikin na'urar. Akwai maɓallin da ke sauke kiɗan ko ya ɗaga shi, taki bayan taki, har ya zo daidai da muryar mai rerawa. Sauke taki biyu ko uku yakan mayar da waƙar da ta gagara abin da za a iya. Sai dai wasu samari suna ganin taɓa maɓallin nan kasawa ce, sun fi son a ce sun rera a yadda mai ita ya rera. Girman kai ne marar riba, domin babu wanda zai tuna an sauke kiɗa, amma muryar da ta tsage kowa zai kwana da ita.

Zaɓen yana da ladubbansa kuma. Ba a jera waƙa biyu a lokaci guda, ba a maimaita wadda wani ya riga ya rera, ana tafa wa kowa ko ya ɓata. Mafi muhimmanci, yawancin manya suna da waƙarsu ta kansu, wadda ake kira juhachiban, wato lamba 18, sunan da ya samo asali daga wasanni 18 da gidan Ichikawa na wasan kwaikwayon kabuki ya keɓe a matsayin gadonsa cikin ƙarni na 19. Yaro mai hankali yakan tambayi na gaba da shi tun da rana wace ce ta maigida, don kada ya riga shi. In ya riga shi, ya kuma fi shi maki, to, ya ci na'ura ya faɗi wurin mutane.

Gaskiya ne zamani ya sassauta. Tun watan Yuni na 2020 doka ta wajabta wa manyan kamfanoni ɗaukar matakan hana shugabanni cin zarafin na ƙasa da su, ta haɗa da ƙananan kamfanoni a watan Afrilu na 2022, kuma tilasta wa mutum rera waƙa ya shiga cikin abubuwan da ake ƙyama. Duk da haka da yawa ba su son su ce a'a a makonsu na farko. Irin waɗannan sukan je su kama ɗaki su kaɗai, abin da ake kira hitokara. Tun 2011 ma aka buɗe a Tokyo gidan da ba ya da komai sai ɗakunan mutum ɗaya. Can yaro zai rufe ƙofa, ya gwada waƙa biyu ko uku, ya rubuta takin da ya dace da kowace, ya sa takardar a aljihun kwat ɗinsa.