SHARHI: Kilomita 70 tsakanin Anjouan da Mayotte: Yadda biza ta mayar da hanyar zumunci makabarta

A daren 1 ga Nuwamba, 2024, wani ƙaramin kwale-kwale ɗauke da mutum kusan 30 ya kife a Tekun Indiya, tsakanin tsibirin Anjouan na ƙasar Komoros da tsibirin Mayotte da ke ƙarƙashin mulkin Faransa. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta ce aƙalla mutum 25 suka mutu, cikinsu har da mata da ƙananan yara, kuma masu safarar da suka ɗauko su ne suka kifar da jirgin da gangan. Da gari ya waye, masunta suka tsamo mutum biyar da rai.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, akan ɗora laifin a kan igiyar ruwa, ko lodin da ya wuce kima, ko rashin imanin masu safara. Duka ukun gaskiya ne. Sai dai mutanen waɗannan tsibirai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tsallaka wannan ruwa domin ciniki da aure da gaisuwar mutuwa. Ruwan yana nan yadda yake tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya a 1995 shi ne doka.

Yadda aka raba 'yan gida ɗaya

Tsibirai huɗu ne: Ngazidja, inda babban birni Moroni yake, da Mwali, da Anjouan, da Mayotte. Mazaunansu Musulmi ne, harsunansu dangin juna ne kuma 'yan uwan Swahili, Faransa ce ta mulke su duka. A ƙuri'ar raba-gardama ta 22 ga Disamba, 1974, sama da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe a faɗin tsibiran suka zaɓi 'yancin kai, amma a Mayotte kusan kashi biyu cikin uku suka ƙi. Faransa ta zaɓi ta lissafa sakamakon tsibiri-tsibiri. Komoros ta ayyana 'yancinta ranar 6 ga Yuli, 1975, Mayotte kuwa ta zauna a hannun Faransa.

Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri a 1976 yana mai cewa Mayotte yankin Komoros ne, kuma Tarayyar Afirka na kan wannan matsayi har yau. Faransa ba ta janye ba. Hujjarta ita ce zaɓin mazauna tsibirin, waɗanda suka sake jaddada shi a 1976 da 2009. A 2011 Mayotte ta zama gunduma ta 101 ta Faransa, a 2014 kuma ta shiga cikin yankunan Tarayyar Turai. Ta haka iyakar Turai ta zo ta tsaya kilomita 70 daga gaɓar Anjouan.

Har bayan rabuwar, mutane sun ci gaba da kai-komo ba tare da wata takarda ba. A Janairun 1995 gwamnatin Firaminista Edouard Balladur ta wajabta wa 'yan Komoros biza kafin su shiga Mayotte. Biza ce mai wuyar samu ga manomi ko masunci. Mai zuwa duba mahaifiyarsa ya wayi gari ya zama baƙon haure.

Tsaro ya ƙaru, hanya ta ƙara muni

Jirgin da ake tsallakawa da shi ana kiransa kwassa-kwassa: kwale-kwalen kamun kifi ne mai inji, tsawonsa bai wuce 'yan mitoci ba, an ƙera shi domin masunta kaɗan, amma akan cusa masa mutum 20 ko 30. Tunda Faransa ta kafa na'urorin rada da jiragen sintiri a kewayen Mayotte, masu tuƙi sukan tashi da dare ba fitila, wani lokaci su zaɓi ranar da teku ya yi fushi domin sun san masu sintiri za su sha wuyar ganinsu. Mayotte kuma kewaye take da duwatsun murjani da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa. Jirgin da ya yi nauyi, cikin duhu, yana gudun kamu, kuskure kaɗan ya ishe shi.

Wani rahoton Majalisar Dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 sun mutu a wannan mashigi tun daga 1995. Hukumomin Komoros suna cewa adadin ya zarce haka nesa. Duk da haka, a Yunin 2017 Shugaba Emmanuel Macron ya yi raha a bainar jama'a cewa kwassa-kwassa ba ya kama kifi sosai, 'yan Komoros yake kawowa. Maganar ta tayar da ƙura a Moroni.

Wanda ya san Agadez zai gane wannan lissafi. Dokar da Nijar ta kafa a 2015, wadda ta haramta jigilar baƙi zuwa arewa, ta sa direbobi suka bar hanyoyin da ke da rijiyoyi suka kutsa cikin sahara domin kauce wa jami'ai, har gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. In an toshe hanyar da aka sani alhali dalilin tafiyar na nan, tafiyar ba ta tsayawa. Kuɗinta ke ƙaruwa, haɗarinta ya ninka, harkar kuma ta koma hannun marasa tsoron Allah.

Me ke kai su?

Mayotte ita ce gunduma mafi talauci a Faransa. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce kashi 77 cikin ɗari na mazaunanta na rayuwa ƙasa da ma'aunin talauci. Amma a idon mutumin Anjouan, can akwai asibiti mai aiki, da makaranta, da albashi da kuɗin Yuro. Asibitin haihuwa na Mamoudzou ya yi suna a matsayin wanda ya fi kowane karɓar haihuwa a Faransa. Kusan rabin mutum 320,000 da aka ƙiyasta suna tsibirin baƙi ne, akasarinsu 'yan Komoros.

Kukan 'yan Mayotte ma ba na banza ba ne. Makarantu sun cika har ana karatu da karɓa-karɓa, ruwan famfo ya yi ƙaranci, rashin tsaro ya addabi unguwanni. A farkon 2024 mazauna suka datse hanyoyi na tsawon makonni suna neman a kori baƙi. Talaka ne ke fushi da wanda ya fi shi talauci, alhali su biyun kakanninsu ɗaya.

Maganin da ke ciyar da cutar

Amsar Faransa ita ce kora. A shekaru da dama tana mayar da mutum sama da 20,000 daga Mayotte a shekara guda, galibi cikin gaggawa. Wanda aka kora ya bar mata da 'ya'ya a baya, ba abin da zai hana shi neman kwassa-kwassa na gaba. Kowace kora sabon fasinja ce ga masu safara. A Yunin 2020 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta samu Faransa da laifi kan tsare wasu yara biyu, masu shekara uku da biyar, da mayar da su Anjouan tare da wani baligi da ba danginsu ba, alhali mahaifinsu na zaune a Mayotte bisa ƙa'ida.

A Afrilun 2023 ministan cikin gida na lokacin, Gérald Darmanin, ya ƙaddamar da samamen Wuambushu da jami'an tsaro kusan 1,800 domin rushe unguwannin marasa galihu da korar baƙi. Bayan guguwar Chido ta 14 ga Disamba, 2024, wadda ta share gidajen kwano na waɗannan unguwanni, majalisar Faransa ta ƙara tsaurara dokar zama ɗan ƙasa a 2025: yaron da aka haifa a Mayotte ba zai cancanta ba sai iyayensa biyu sun yi shekara guda suna zaune bisa ƙa'ida kafin haihuwarsa.

Gwamnatin Komoros ma ba ta da bakin wanke kanta. A baki tana cewa Mayotte ƙasarta ce, saboda haka ba a korar ɗan ƙasa daga gidansa. Amma a 2019 Shugaba Azali Assoumani ya amince da yarjejeniyar da Faransa ta yi alƙawarin Yuro miliyan 150 na ayyukan raya ƙasa, shi kuma ya taimaka wajen hana jiragen tashi. A lokacin Wuambushu, Moroni ta hana jirgin korarru tsayawa a tashar Mutsamudu, bayan 'yan makonni kuma ta sake buɗe ƙofa. Matasan da suka tsallaka nauyi ne da ya sauka daga kan gwamnati, kuɗin da suke aikowa gida kuwa yana toshe ɓarakar da ita ta kasa toshewa.

Abin da zai rage mutuwa ba ɓoyayye ba ne: jirgin fasinja mai lasisi da talaka zai iya hawa da takardar da zai iya samu, izinin kai-komo ga masu iyali da marasa lafiya, da asibiti a Anjouan da mace za ta amince ta haihu a cikinsa. Paris na tsoron a ce ta buɗe ƙofa, Moroni na tsoron a ce ta sallama Mayotte. Muddin gwamnatocin biyu sun fi jin tsoron waɗannan zarge-zarge a kan mutuwar mutane, masunta za su ci gaba da tsamo gawa a ruwan da kakanninsu suka tsallaka da rana tsaka.