Mu Maido Wa Samarinmu Filin Takai

Jama'a ƴan kasuwa, yau magana ce a kan ƴaƴanmu maza. Duk wanda ke cin kasuwar Jibiya, Ɗan Isa, Illela ko Birnin Ƙonni ya san su: wani yana zaune a rumfa tun safe har magariba, ido a kan waya, wani yana tura kaya da ƙarfin taramol, don jikinsa bai saba da wahala ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 a kullum. A wani bincike da ta fitar a 2019, kashi 78 cikin 100 na samari ƴan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba su cika wannan ma'auni.

Alhali maganin yana gidanmu. Mai rawar takai yana zagaye, yana durƙusawa, yana juyowa ya kara sandarsa da ta abokinsa daidai da bugun ganga. Wannan horo yana ƙarfafa ƙafa da kafaɗa, yana buɗe numfashi, yana kawo barci mai daɗi. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa, sanda ce za ta sauka a yatsunsa. Saboda haka mai maye ba ya daɗewa a da'ira. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin Samariya sun riƙe matasa da irin waɗannan wasanni tare da aikin gayya.

Wasu iyaye za su ce rawa hanyar lalacewa ce. Tsoronsu yana da dalili in dare ya yi, in babu babba a wurin. To, a yi ta bayan la'asar, maza zalla, a gaban dattijo, a tashi kafin kiran sallar magariba. A share fili daga kwalba da ƙusa, a ajiye ruwan sha, mai sikila ko asma ya fara ganin likita.

Abin da ake nema gare mu kaɗan ne: ladan makaɗi, kuɗin sanduna, da sakin yaro daga rumfa na awa ɗaya, sau uku a mako. Shugabannin kasuwa su kawo maganar a taro na gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron nan shi zai gaji rumfar. Allah ya shirya mana zuri'a.