Jirgin Sama Da Ɗan Manomi

Yara, in kuna fadama a Lahodu kuna taya iyayenku ban ruwan albasa, wani lokaci kukan ji rugugi daga sama. Ku ɗaga kai, ku hangi wani abu fari kamar balbela ya nufi gabas. Sau da yawa nakan ji manya suna cewa, "Ku mai da hankali ga aikinku, wannan abin masu kuɗi ne, ba ruwan ɗan manomi da shi." Su mai da hankali ga aiki, wannan gaskiya ne. Amma a ce ba ruwan ɗan manomi da jirgin sama, ban yarda ba, zan kuwa gaya muku dalili.

Ku fara duba wahalar da jirgi ya ɗauke mana. A zamanin kakanninmu, wanda ya yi niyyar hajji yakan yi sallama da iyalinsa kamar ba zai komo ba. Ya bi ta Barno a ƙasa ko bisa jaki, ya ratsa Wadai, ya tsaya a Sudan ya yi ƙodago har ya tara guzuri, sa'an nan ya haye Bahar Maliya. Wani ya yi shekaru a hanya, wani ma can zai zauna har mutuwa. A 1903, bayan yaƙin Burmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ci gaba da jama'a zuwa gabas. Har yau akwai gari a Sudan da a ke kira Mai Wurno. Yanzu kuwa alhaji ya tashi da hantsi daga filin jirgi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato, kafin rana ta faɗi ya sauka Jidda.

To, su wa suka fara wannan abu? A cikin wannan shekara ta 1903, can a Amurka, waɗansu 'yan'uwa biyu, Wilbur da Orville Wright, suka ta da jirgi mai inji. Ba 'ya'yan sarki ba ne, masu gyaran basukur ne. Tashinsu na fari daƙiƙa 12 kaɗai ya yi a sama. Da sun raina wannan, da ba a kai inda a ke yau ba.

Ƙasarmu ma da kaɗan aka fara. Ran 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano. A lokacin nan babu filin jirgi, sai suka sauka a filin wasan dawaki. Abin da jirgi ke bukata shi ne wuri mai tsawo, shimfiɗaɗɗe, domin sai ya yi gudu ƙwarai a ƙasa kafin iska ta ɗauki fukafukansa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma kawo wasiƙu daga Hartum zuwa Kano. Sannu a hankali wurin saukar jirage ya bunƙasa, har ya zama babban filin da a ke kira da sunan Malam Aminu Kano.

Da fari jiragen duk na baƙi ne, daga baya aka sami na gwamnati. Sai ga wani mutumin Kabo, wani ƙaramin gari yamma da Kano, sunansa Alhaji Muhammadu Adamu Ɗan Kabo. A 1980 ya kafa kamfaninsa na jiragen sama, ya sa masa suna Kabo Air. Jiragensa suka yi ta jigilar mutane tsakanin garuruwan Nijeriya, suka kai dubban alhazai Makka. Mutane suka ga sunan ƙaramin gari an rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin jirgi. Ya riƙe sarautar Jarman Kano, ya rasu a 2002. Allah ya ji ƙansa.

Kun gani, Kabo gari ne na manoma kamar Wurno da Raba da Goronyo. In sunan Kabo ya hau jirgi, me zai hana sunan Lahodu?

Watakila wani ya ce, "Mu dai hanya mu ke so mai kyau, wadda za mu kai albasa da shinkafa kasuwa, da asibiti, da ruwan sha." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, ni ma na fi son a fara da waɗannan. Ban ce a gina filin jirgi a Lahodu ba, na Sakkwato ya ishe mu. Abin da na ke so shi ne mu sami namu mutane a cikin aikin. Kamfanin Ɗan Kabo ma daga baya ya daina tashi, gama jirgi abu ne mai cin kuɗi, kullum yana bukatar gyara da kulawa. Sayen jirgi aikin mai kuɗi ne, amma riƙonsa aikin masu ilmi ne. Nan ne ɗan manomi ya ke da wuri.

A Zariya akwai makarantar koyon aikin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964. Can a ke koyar da matuƙa, da makanikai, da masu zama a hasumiya suna ba jirage izinin sauka da tashi. 'Yan mata, kada ku ce ban da ku. Chinyere Kalu, mace ta fari da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, can ta yi karatu, daga baya har ta shugabanci makarantar.

Hanyar Zariya kuwa daga cikin ajin nan naku ta fara. Ku riƙe lissafi da kyau, domin matuƙi sai ya auna mai, da nauyin kaya, da nisan tafiya. Ku koyi Turanci, domin da shi matuƙan duniya ke magana da hasumiya. Ku saba da yin aiki sosai ko ba mai dubanku, domin makaniken da ya bar ƙusa ɗaya ba ɗauri ya sa rayukan mutane cikin hatsari. Yaron da ya iya raba ruwa a fadama, kowane fangali ya sami rabonsa, ya riga ya soma koyon wannan hali.

Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. In kun sake jin rugugin nan, ku ɗaga kai ku duba, ba laifi. Sa'an nan ku ƙarasa ban ruwanku, gobe da sassafe ku ɗauki littafi ku nufi makaranta.