Kafin ku sayi na'urar ajiye bayanai, ku duba agogonta

A bazarar da ta wuce na ɗora Arduino Uno a rufin masaukinmu nan Makka, yana auna zafin rana yana zubawa a katin SD, kullum fayil ɗaya. Bayan sati biyu na zare katin, sai na tarar kowane fayil ɗauke da 1 ga Janairu 2000. Wanne ne na ranar da zafi ya fi tsanani? Oho. Ga shi aikin da zan kai wa malamina ke nan.

Kati ba shi da agogo, abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Uno ma bai san ranar ba. Maganin shi ne DS3231 mai batirin CR2032, wanda kuskurensa bai wuce kamar minti biyu a shekara ba, sannan ku haɗa shi da dateTimeCallback, in ba haka ba kun sayi agogo a banza.

Saura tarko guda: FAT32 ba ya ajiye yankin lokaci. Makka tana gaban Kano da awa biyu, fayil ɗin kuma ba zai gaya wa kowa ba. Yanzu a kowane layi nake rubuta lokacin UTC.

Shi ya sa nake cewa duk mai gwada irin wannan na'ura a bidiyo, ya yanke mata wuta, ya kunna, ya nuna mana kwanan watan. In ta koma 2000, ku riƙe kuɗinku.