Ina makomar baƙi 'yan Nijar a Kebbi?

Ficewar Jamhuriyar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025 ta sa ayar tambaya kan matsayin 'yan ƙasar da ke fatauci a kasuwar Jega, da masu ƙwadago a gonakin Aliero da Maiyama.

Yarjejeniyar ƙungiyar ta 1979 ce ta ba su damar shiga Najeriya su yi kwana 90 ba tare da biza ba. A lokacin ficewar, ECOWAS ta ce a ci gaba da hakan har sai an sake shawara, wato dai sassauci ne da za a iya janyewa.

Sai dai tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadar wa duk wanda ake tuhuma da laifi, ɗan ƙasa ko baƙo, damar ɗaukar lauya da samun tafinta kyauta.

Akwai kuma hukumar ba marasa galihu tallafin shari'a, wadda aka kafa a 1976, amma ofishinta na jiha yana Birnin Kebbi. Ga baƙon da aka tsare a ƙauye, babban ƙalubalen shi ne samun wanda zai kai kukansa can.