Filastar Kashe Raɗaɗin Sankara: Tsakanin Majinyaci, Zafin Rana Da Kan Iyaka

Duk mai zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ya saba da karɓar saƙon magani. To amma akwai saƙon da ya kamata ɗan kasuwa ya yi hattara da shi, wato filastar fentanil, wadda likitoci ke rubuta wa masu ciwon sankara da ke jinya a gida.

Amfaninta a fili yake. Ana manna ta a ƙirji, baya ko damtse, maganin ya riƙa ratsa fata sannu a hankali har awa 72 kafin a sauya. Ga wanda ciwo ya hana shi haɗiya, ko yake ƙauye nesa da asibiti, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai ta farko kan ɗauki awa 12 zuwa 24 kafin ta kama sosai, kuma a nan ne masu jinya ke ƙosawa su ƙara ta biyu. Wannan ganganci ne, domin fentanil ya ninka mofin ƙarfi kusan sau 100, ba a ma ba da shi sai ga wanda jikinsa ya riga ya saba da irin waɗannan magunguna.

Sai batun zafi, wanda ya fi damunmu a nan. Idan fata ta yi zafi, maganin kan shiga jini fiye da ƙima. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, majinyacin da ke kwance a ɗakin kwano, ko mai zazzaɓi, ko wanda aka yi wa gashi da ruwan zafi, yana cikin haɗari. Da zarar an ga barci mai nauyi da numfashi sama-sama, a cire filastar, a garzaya asibiti. Tsohuwa kuwa a naɗe ta, a kawar daga inda yara ke wasa, don ragowar da ke cikinta na iya kashe yaro.

Wani abin takaici shi ne, tiramol ya cika tashoshin mota, amma mai sankara na neman mofin ruwa a jallo. Tun da Nijeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, kamen ƙwaya ya tsananta, kuma daidai ne. Amma fentanil na cikin magungunan da yarjejeniyar duniya ta 1961 ta sa wa takunkumi, don haka wanda jami'an NDLEA ko na kwastan suka kama da shi ba takardar likita, cewa saƙon mara lafiya ne ba za ta fisshe shi ba.

A ganina filasta ba ita ce mafitar talaka ba, don ta yi tsada. Yuganda ta fara haɗa mofin na ruwa mai araha tun 1993, sannan a 2004 ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. Nijar ta buɗe sashen gashin sankara a Yamai a 2021, amma daga Maraɗi tafiyar ta haura kilomita 600. Me zai hana hukumomin lafiya na ƙasashen biyu su kawo mofin na ruwa asibitocin Maraɗi, Ƙonni, Katsina da Sakkwato?