Book Ba Ta Haifi Boko Ba

Kusan duk wanda ya zauna a aji a ƙasar nan ya taɓa jin malami ko mai sharhi a rediyo yana cewa wai daga "book" ta Turanci aka samo kalmar boko. Wai kakanninmu ne suka ji Bature ya ce book, bakinsu ya kasa, suka ce boko. Tun daga 2009, da rikicin Maiduguri ya kai kalmar kunnen duniya, jaridun Ingila da Amurka suka yi ta yayata wannan magana, mu kuma muka karɓo daga hannunsu kamar ba harshenmu ake zance ba. To mu dai ba mu yarda ba.

Mu fara da ita book ɗin. Tsohuwar kalma ce, fiye da shekara 1000 da suka wuce Ingilishi na rubuta ta "boc". Masana da yawa suna danganta ta da wata itaciya ta Turai mai suna beech, wadda ake cewa a kan katakonta ake zana rubutu a da, kamar dai allonmu. Har yau a Jamusanci littafi Buch ne, itaciyar kuma Buche. A Ingila ta wancan zamani, har takardar mallakar fili da sarki ke bayarwa "boc" ake ce mata. Daga nan kalmar ta yi ta 'ya'ya. Wanda ya kama kujera a jirgi ya yi booking, domin an shigar da sunansa a rajista. Ɗan ƙwallon da aka yi wa gargaɗi shi ma an yi masa booking, saboda alƙalin wasa yana rubuta sunansa a ɗan littafin aljihu, tun kafin katin gargaɗi ya bayyana a gasar cin kofin duniya ta 1970. Akanta yana kiran lissafin kamfani "the books", dillalin caca kuma bookmaker ne. Ita kanta Facebook, da wataƙila ta nan kuka biyo zuwa wannan shafi, ta ari sunanta daga kundin hotunan ɗalibai da jami'o'in Amurka ke rabawa. Duk inda kalmar ta shiga, maganar ɗaya ce: an rubuta, an ajiye, ya zama shaida.

Boko fa? Ku tambayi tsofaffin gidanku mece ce amaryar boko. Za su ce muku ita ce wadda ake fitarwa a madadin amarya ta gaskiya ranar biki. Ku tuna da biri-boko, wato abin da aka yi don ganin ido, ciki fanko. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya jero wa boko ma'anoni irin su algus da yaudara da nuna abin da babu. Wane Bature ne ya shiga ɗakin mata ya koya musu amaryar boko?

Ga kuma maganar furuci. Bahaushe ya ji "cook" ya ce kuku. Da book ya ara, buku zai ce. Masanin harshe Paul Newman ya yi rubutu a kan wannan a 2013, ya nuna boko tamu ce gaba da baya. Ban da haka ma, me za mu yi da aron book? Muna da littafi, da muka samo daga al-kitab na Larabci, ƙarnuka kafin Lugga ya iso.

Wani zai ce to sai me, ai kalma ce kawai. A'a. Lokacin da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, mutane sun ga karatun da wanda ya ci su da yaƙi ya kawo, ana rubuta shi daga hagu, suka sa masa suna boko. Hukunci suka yanke, da saninsu, da kalmar da suka zaɓa. Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure wannan wata muhawara ce, amma mai cewa daga book ta fito ya share hukuncin nan gaba ɗaya, ya mayar da su mutanen da bakinsu ya kasa furta harafi huɗu.

Mun san abin da wasu ke tsoro. Suna ganin idan aka yarda boko na nufin jabu, an miƙa wa masu ƙona makarantu hujja ke nan. Wannan tsoron bai da tushe. Asalin kalma ba ya ɗaure ta. "Nice" da ake yabon mutum da ita yau, a Ingilishin shekarun 1300 wawa take nufi, kuma babu Baturen da ke fushi idan an ce masa haka. Boko ma ta yi tafiyarta. Da ita muke rubuta wannan maƙala, da ita likitan da ke duba iyayenmu ya yi karatu, kuma uba yana cewa ɗansa ɗan boko ne yana taƙama. Ba sai mun ƙirƙira mata uban ƙarya daga Ingila kafin ta yi daraja ba.

Ɗalibin da aka sake ba shi wannan labari a aji, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambayi malam yadda aka yi cook ta zama kuku amma book ta ƙi zama buku.